Hulbar Gwaggo ta Arba wa Nus

Daga Allah muke, gare shi kuma Gwaggo ta koma. Ƙanwar mahaifina ce. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta da ke hawa na huɗu a Arba wa Nus, unguwar gabashin Alƙahira da mutanen Sudan suka cika tun da yaƙi ya tarwatsa su. Ba ta yi jinya ba. Ta sha shayi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Yau kwana talatin da ɗaya. Sau uku ina zama in rubuta wannan ina tashi, in leƙa taga, in dawo. Amma ina tsoron idan ban rubuta ba, za a wayi gari ba a san an yi ta ba, domin kabarinta yana ƙasar da ba tata ba, danginta kuma sun watsu ƙasa huɗu.

Falon ba ya ɗaukar mutum goma, saboda haka maza muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar benen. Na zauna makoki a garuruwa da dama, amma ban taɓa ganin ta'aziyya iri uku a tabarma ɗaya ba sai a nan. Mutanen Umdurman tun daga nesa suke ɗaga tafin hannu suna cewa "Alfatiha", sai an shafa sannan a gaisa. Ɗalibanmu Hausawa na unguwar Madinat Nasr kuwa a jere suke zuwa, su durƙusa, babbansu ya yi addu'a mai tsawo da Larabcin aji, sauran su amsa. Sai ga wani Bamisire mai shagon kayan ƙamshi na bakin layi, ya rufe shagonsa da rana tsaka ya zo. Ya rungume ni ya ce, "Albaƙa'u lillah, ya Hag," wato dawwama ta Allah ce, Alhaji. Ya zauna, can ya ce, "Tun da ta zo unguwar nan take zagin hulbata. Ta tauna ƙwara ɗaya ta tofar, ta ce wannan ta bara ce, ka ji tsoron Allah. Wallahi ban taɓa kama ta da kuskure ba." Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ƙaton mutum mai gashin baki.

A sama, wajen mata, kukan ya fi ƙarfi. Na hau in karɓi gaisuwarsu daga bakin ƙofa. Matar wani ɗalibi, da goyo a bayanta, tana ta maimaitawa, "Wannan da ke bayana, dunƙulen hulbarta ne ya kawo masa nono. Ba ta san ni ba, ba ta san uwata ba." Wata tsohuwa ta ce, "Ta yi wa 'ya'yan kowa. To yanzu wa zai yi wa 'yarta?"  Kowa ya juya ya dubi ƙofar ɗakin da 'yar Gwaggo take kwance da cikin wata tara, idonta a bushe. Daga nan idanun suka juyo kaina. Ni kuma na dubi takalmana.

'Yar Gwaggo ɗin nan 'yata ce. Ita ce 'yar farina.

Dole in yi wa yaran yanzu bayani, domin sun bar wannan al'ada, ban kuma ce sun yi laifi ba. A gidan da aka raine ni, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayar lafiyarsa kai tsaye, ba ya nuna ya damu da shi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Mahaifina ya bar duniya bai taɓa kiran sunan yayana ba, alhali ranar da yayan ya karye a hannu, na ga tsohon ya kasa cin tuwo. Ni ma haka na tashi. An haifi yarinyar a Umdurman ina ƙaramin tafinta, da aka yaye ta aka miƙa wa Gwaggo riƙo, muka wuce Delhi da mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. Ƙannenta da ke Kano da Abuja muna hira da su har da dariya. Ita kuwa shekara arba'in da ɗaya tsakanina da ita "ina kwana" ce, tana durƙushe, ina kallon wani wuri. Duk abin da nake son sani game da ita, ta bakin Gwaggo nake ji.

Gwaggo tana yarinya aka fita da ita daga ƙasar Haɗejiya, a ƙafa, cikin ayarin masu niyyar Makka. Kamar dubban Hausawa, tafiyar ta tsaya musu a Sudan. A can ta girma, a can ta yi aure, a can mijin ya rasu ya bar ta da ciki. Ta samu aikin shara da wanki a gidan wani Ba'indiye mai sayar da yadi a kasuwar Umdurman. Mutanen gidan ba sa cin nama, kuma matar gidan ba ta yarda baƙon hannu ya taɓa tukunyarta. Gwaggo ta ce idan inuwarta ta faɗa kan kwano, sai an sake wanke shi. Amma da ta haihu a ɗan ɗakinta na bayan gida, ba uwa ba dangi, wannan matar ce ta riƙa zuwa kowace safiya da wani dunƙule kamar fura a cikin ganye, ta tsaya a kanta sai ta cinye. Kwana arba'in ba fashi. Yaron bai yi rai mai tsawo ba, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara biyu, Gwaggo kuma ba ta sake haihuwa ba. Abin da ya rage mata shi ne dunƙulen. Ta roƙi matar, aka ba ta izinin tsayawa a bakin ƙofar kicin ta kalla, kada ta shiga. A tsaye ta koya.

Hulba ce uwar wannan dunƙule. Indiyawa suna ce mata meti, ko da yake masu maganinsu Musulmi da na sani a tsohuwar Delhi hulba suke cewa kamar mu. Na ga yadda ƙasashe suke mu'amala da ita. Masarawa tafasa ƙwayar suke yi su sha ruwan kamar shayi, rawaya, a kowane gidan gahawa. Mutanen Sudan suna dama ta da madara da gari su yi kunu mai kauri. Matanmu na gida sun fi saninta a matsayin maganin rama, a sha a yi jiki. A Indiya kuwa babu inda ba ta shiga. Ganyenta miya ne. Ƙwayarta a jiƙa ta kwana, mai ciwon suga ya sha ruwan da safe. A niƙa ta a kwaɓa a shafa a kai don amosani, ko a ɗora a kan maruru ya nuna. Tsofaffi suna cinta da sanyi saboda ciwon gwiwa. Masu maganinsu na gargajiya sun ce tana cikin abubuwa masu zafi, masu korar iska daga jiki. A ganinsu, mace idan ta haihu cikinta ya zama fili, iska da sanyi suna neman wurin zama, sai a cika wurin da abu mai ɗumi, mai maiƙo, mai nauyi. Da na fara jin wannan bayani sai na tuna wankan jego da kunun kanwa. Tsoron ɗaya ne, kwanakin ma arba'in ne, tukunyar ce ta bambanta.

Gwaggo ba ta san kalmominsu na littafi ba, amma takan ce, "Masarawa suna shanta kamar masu jin haushinta. Mu muna shanta don zane ya zauna mana. Indiyawa ne kaɗai suka zauna suka tambaye ta abin da take so."

Kowa ya san hulba tana fita a gumi. Gwaggo kuwa tafiya take da warinta kamar tuta. Wata rana muna cikin ƙaramar motar haya zuwa asibitin ido, wani saurayi ya matsa ya buɗe taga yana yatsina fuska. Ta dube shi ta ce da Larabcin Sudan, "Ya waladi, ɗana, ni ma tun ɗazu nake shaƙar tabarka, ka ji na yi magana?" Motar ta ɗauki dariya, har direban. Kuma da hancin nan take aiki. A wani taron suna ta kama hannun wata amarya ta ja ta gefe, ta ce, "Ke, hulba kike sha?" Yarinyar ta ce e, mijinta ya ce ta rame. "Kuma ciki gare ki." Yarinyar ko mijin ba ta gaya wa ba tukuna. Gwaggo ta ce, "Daga yau khalas, kin daina. Abin da ke tura jini bayan haihuwa, ba a ba shi hanya kafin haihuwa. Ki ce wa mijin naki idan ƙiba yake so ya sayi rago." Wannan ita ce dokarta mafi tsanani: mai ciki ba ta sha, ba ta ci. A wajen Gwaggo ko ƙamshin ma ba a yarda ta shaƙa ba, ko da yake wannan ƙarin nata ne, ban ji shi a bakin kowane mai magani ba.

Mun taɓa yin faɗa a kan hulba, laifina ne kuma. Na zo hutu daga Delhi, kaina cike da abin da na gani, na kawo mata wani littafin maganin Indiya da kwalbar ƙwayoyi. Na zauna ina gyara mata aiki. Na ce awon da take yi da tafin hannu ba daidai ba ne, ga yadda aka rubuta. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Ɗan Yaya, wannan littafin naka, mai jego nawa ya wanke wa zane?" Na ce ilimi ba a wanki yake ba. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. A rana ta uku na tarar da littafin a ƙarƙashin ƙafar gadonta mai gurgunta, ya daidaita shi tsaf. Sai da zan koma ta zaro shi ta ce in karanta mata shafin hulba in fassara. Tana ji tana gyaɗa kai. "Nan ya yi gaskiya." "Nan ma." Can ta ɗaga hannu. "Nan ƙarya yake. Namiji ne ya rubuta." Ta mai da shi ƙarƙashin gadon. Ina jin yana can har yanzu, idan gidan yana nan.

Da suga ya kama ni, ita ta sa ni jiƙa cokali ɗaya kullum. Na gaya wa likitana, ya ce kada in kuskura in bar ƙwayoyinsa, in kuma riƙa auna jinina don kada su haɗu su sauke shi da yawa. Na kawo mata wannan saƙo ina jiran faɗa. Ta ce, "Yana da hankali. Sha nasa, sha nawa. Wanda ya yi maka aiki, kada ka gaya wa ɗayan."

Da yaƙi ya kore su, ita da yarinyar suka iso Alƙahira da jaka biyu. Mijin yarinyar ya raka su, yana zuwa yana komawa Bur Sudan wajen iyayensa tsofaffi, daga baya hanyar ta rufe masa. Ni na riga na yi ritaya a nan, ina ɗan aikin fassara. Na ce su zauna a gidana na Madinat Nasr, Gwaggo ta kwana biyu ta ce unguwar ba ta da surutu, ta koma cikin mutanen Umdurman. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan hau benen nan mai hawa huɗu. Yarinyar ta gaishe ni ta shige ɗaki. Ni kuma in fara.

"Gwaggo, fankar nan tana aiki?"

"Tana yi."

"Gas bai ƙare ba?"

"Bai ƙare ba."

"Ruwa yana hawowa?"

"Yana hawowa. Saura kyanwar maƙwabta, ita ma lafiyarta ƙalau."

Sai in gyara hula, in ce, "To, mutanen gidan fa?"

"Waɗanne? Ni ce mutanen gidan, ga ni."

Sai ta ga na fara zufa sannan ta sassauta murya ta ba ni labari: an je awo, likita ta ce komai daidai, ƙafa ta ɗan kumbura. Yarinyar ta yi shekara goma sha bakwai da aure. Ɓari huɗu. Duk ta bakin Gwaggo na ji su, ɗaya bayan ɗaya, a waya, ina wata ƙasa, in ce "Allah ya sa kaffara ne", in ajiye, in rasa inda zan sa kaina. Gwaggo ta taɓa gaya mini cewa duk ranar da za ta yi wa wata mai jego dunƙule, yarinyar takan yafa mayafi ta fita daga gidan. Ba ta iya zama. Shi ya sa wadda ta tashi a gindin tukunyar ba ta iya ba. Da wannan cikin ya zauna kuma, dokar ƙamshi ta hau kanta.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe Gwaggo ta kira ni a waya, abin da ba ta saba ba. Ta tura yarinyar gidan maƙwabciya. Na same ta a kicin a kan 'yar kujera.

"Zauna nan. Ciro bironka."

"A kicin, Gwaggo?"

"A'a, a fadar shugaban ƙasa. Zauna."

Na zauna a kan bokiti. Ta ce hulba cikin tafinta biyu, a niƙa, a jiƙa a madara tun safe har la'asar, sai ta shanye madarar ta kumbura, wannan ne ke kashe ɗacin. Na rubuta. Garin alkama a soya a man shanu sai ya yi kalar ƙasa. Na rubuta. Ta ce ƙaro, na rubuta ƙaro. Sai ta tsaya ta dube ni.

"Kafin in manta. Kwanakin farko nonon ba zai zo da yawa ba, kada ku firgita. Ka ce mata ta riƙa sa jaririn ko babu komai. Idan kuma maman ya yi mata tauri..."

Na miƙe tsaye. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"An kusa kiran la'asar."

"Saura awa guda."

"Sai na sake alwala."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka yi wa manya tafinta da yare biyar, ni kuma ka mai da ni tafintarka. Shekara arba'in ina kai maganarka ɗaki ina dawo da amsa. Na gaji, ɗan Yaya. Wallahi na gaji."

Na yi 'yar dariya, na ce gobe Juma'a ma ƙarasa. Na ninke takardar na sa a aljihu. Washegari nauyin abin da ta faɗa ya hana ni zuwa, na aika cewa mura ta kama ni. Ranar Talata ta rasu.

Kwana goma sha biyu bayan haka aka yi wa yarinyar tiyata aka ciro 'ya mace, lafiyayya. Na je asibitin na tsaya a baranda, maƙwabciyarsu ta fito ta gaya mini, na yi hamdala na juya. Wannan maƙwabciya Bahaushiyar Sudan ce, mace mai faɗin gaskiya ba ado. Ita ce ta kira ni a kwana na huɗu.

"Ya Alhaji, 'yarka ba ta cin abinci."

Haka ta faɗa, 'yarka, ba ta sakaya ba. Ta ce nono bai zo ba, jaririyar tana kuka har muryarta ta dishe. Likita ta ce bayan tiyata yakan yi jinkiri, a ci gaba da sa ta, a ɗan taimaka da madarar gwangwani, amma dole uwar ta ci ta sha. An dama mata kunun hulba irin na Sudan, cokali biyu ta sha. Matar mai benen ta kawo nasu na Masar, ko kallo bai ishe ta ba. Ta juya fuska bango. Abu ɗaya take faɗa: Gwaggo ta ce ita za ta yi mini.

"To, Alhaji, mata sun ce ai kai ka zauna a Indiya."

Na zauna a Indiya shekara shida. Na ci irin wannan dunƙule a gidajen abokai ya fi a ƙirga, ban taɓa tambayar yadda ake yi ba. Na ciro takardar. Layi uku ne da kalma ɗaya.

Ranar ban zauna ba. Na shiga mota na fita mota, ina bin gidajen matan da ta yi wa, ina tsayawa a bakin ƙofa ina tambayar mazansu su tambayo mini. Wata ta ce akwai citta, tana jin yajinta a maƙogwaro. Wata ta ce akwai gyaɗa, Gwaggo ta ce mata Indiyawa wani ɗan itace mai tsada suke sawa, ita ta ga gyaɗa ba ta yi laifin komai ba. Matar ɗalibin nan mai goyo ta ce zaƙin na mazarƙwaila ne, ta ɗauko rabin wadda aka kawo mata daga gida ta ba ni. Mai shagon ƙamshi ya zaɓo mini hulba da kansa, ya tauna ƙwara ɗaya ya ce, "Ta bana ce, wallahi, ko ita ba za ta tofar ba."

Ƙaro kuwa ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya? Tun ina shekara bakwai a makarantar allo nake haɗa tawada. Ƙaro jiƙa shi ake yi a ruwan ɗumi ya narke, ya kama abin da aka zuba shi a ciki. Na ce ai aikinsa ke nan a dunƙulen ma, ya riƙe shi kada ya wargaje. Washegari na yi komai yadda takarda ta ce, na narka ƙaron kamar yadda malaminmu ya koya mini, na juye. Abin ya kama cokali, ya kama tukunya, ya kama yatsuna. Da kyar na mulmula guda bakwai. Da suka huce na sa su a gwangwani, na ce wataƙila haka yake.

Da safe na hau benen. Niyyata in miƙa wa maƙwabciya in sauka. Ta buɗe ƙofa, ta dubi gwangwanin, ta mai da hannuwanta baya.

"Ni ba Gwaggo ba ce, ya Alhaji. Ga ɗakin can."

"Ai ke mace ce, ya fi..."

"Yalla, shiga. Ina da wanki."

Na yi sallama a bakin ƙofar ɗakin. Yarinyar ta jawo mayafi ta rufe kanta, tana ƙoƙarin tashi, ɗinkin ya hana ta. Ta rame har na ji tsoro. Na ajiye gwangwanin a gefen gado, na ce da labulen taga, "An ce a kawo wannan."

Ta buɗe. Ƙamshin ya fito. Ta daɗe riƙe da guda ɗaya kafin ta kai baki. Ta ciza, haƙori ya shiga ya ƙi fita. Ta ja, abin ya miƙe kamar roba. Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Ta dafe cikinta da hannu ɗaya tana cewa wayyo, hawaye na zuba, dariyar ta ƙi tsayawa.

"Baba, jiƙa ƙaron ka yi?"

"Ai haka ake yi."

"Tawada za ka ba ni?"

Ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawon haka ba. Ta share ido ta ce, "Soya shi ake yi. A man shanu mai zafi, kaɗan-kaɗan. Yana kumbura yana fashewa kamar gugguru. Sai a murƙushe."

Na juyo na dube ta. "Ke da ba kya zama idan ana yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba na nisa. A Umdurman bayan katanga nake zama, a nan kuma a matakala. Ban taɓa gani ba. Amma duk wadda aka yi wa, na ji nata."

Na sake jiƙa wata hulbar a madara a kicin ɗin Gwaggo. Daga safe zuwa la'asar lokaci ne mai tsawo ga mutumin da bai san inda zai zauna a gidan ba. Na sauka na hau ya fi sau biyar. A na ƙarshe maƙwabciyar ta ɗora mini jaririyar a hannu ba ta tambaye ni ba, ta ce in yi tafiyar tawa da ita tunda na kasa zama.

Da la'asar na ɗora man shanu. Ƙaron Gwaggo yana nan a kwalbarsa a kan kanta. Na bar ƙofar kicin a buɗe, ita ma ta sa aka buɗe tata. Na zuba kaɗan.

"Wutar ta yi yawa, Baba. Zai ƙone a waje, cikinsa ɗanye."

Na rage.

"Yawwa. Bar shi. Bar shi tukuna." Ƙaron ya fara tashi fari, yana ƙara ƙanana-ƙanana. "Idan ya yi shiru ka kwashe. Yanzu."

Haka muka yi har ya ƙare, ita da kunne, ni da hannu. Na murƙushe, na haɗa, na mulmula da zafinsa yana ƙona mini tafi. Na kai mata guda biyu a faranti. Ta cinye ɗaya, ta sha ruwa, ta ɗauki na biyun.

"Na Gwaggo bai kai wannan ɗaci ba."

"Sai in ƙara mazarƙwaila."

"A'a, bar shi haka. Gobe ƙarfe nawa za ka zo?"

Bayan kwana biyu nono ya zo. Likita ta ce dama lokacinsa ne, kuma uwar ta fara cin abinci. Matan unguwa sun ce hulba ce. Ni ban sani ba, ba zan kuma rubuta abin da ban sani ba. An sa wa jaririyar sunan Gwaggo, saboda haka yanzu suna biyu ne a gidan da bakina ba ya iya faɗa. Na uwar har yau ban kira ba, wataƙila na tsufa da koyon wannan. Amma jiya na tambaye ta ko ɗinkin yana damunta, ina kallonta, ta ce da sauƙi, sai dai idan ta yi tari.

Ya Allah, ga baiwarka nan da ta fito neman ɗakinka tana yarinya, ta ƙare kwanakinta tana ciyar da 'ya'yan mutane a ƙasashen da ba nata ba. Ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da ɗanta da bai girma ba, ka shayar da ita kamar yadda ta sa aka shayar. Ni kuma ka yafe mini Juma'ar da ban je ba.